Zama Uku a Kan Burtali Ɗaya: Yadda Wani Malamin Makaranta Ya Jagoranci Tattaunawar Manoma da Makiyaya a Kwarin Haɗejiya

Asalin lamarin

Garin yana cikin masarautar Haɗejiya, ɗaya daga cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa, a yankin da kogi ke rarrabuwa ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru ta Jihar Yobe. Ba za a ambaci sunan garin ba, ko na wani mutum a cikinsa.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a wannan kwari ta sauya. Ruwan da a da yakan zo da damina ya janye da rani, yanzu yakan kwanta a wasu wurare kusan duk shekara. Ciyawar ruwa da ake kira kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kiwo, ta kuma zama makwancin tsuntsayen jan-baki. Ambaliyar 2022 ta ƙara tura mutane tudu. Manomin da ruwa ya kora daga fadama, filin da ya fi gani a buɗe shi ne burtali. Noman rani na shinkafa da alkama da albasa kuma ya kewaye mashaya. Akwai dokar keɓe wuraren kiwo da gwamnatin Jihar Arewa ta yi tun 1965, amma a wurare da dama alamun iyaka sun ɓace, sai abin da dattawa suka riƙe a ka.

Kowace shekara rigimar tana da lokacinta. Ana girbe gero a Satumba, amma dawa da wake da zoɓo suna kaiwa Nuwamba, wani lokaci har Disamba. Garkunan shanu kuwa, na gida da masu gangarowa daga Yobe da Nijar, suna fara neman ruwa da ɗanyar ciyawa tun Oktoba, da zarar tafkunan tudu sun ƙafe. A da manomi ne ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki. Yanzu kara da harawa kuɗi ne, ana ɗaurewa a sayar.

A farkon Satumba ƙungiyar ci gaban garin ta yanke shawarar a yi zaman tattaunawa a bainar jama'a kafin shanu su sauko. Ta ɗora jagorancin zaman a kan wani malamin sakandare ɗan garin, mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ke koyar da Hausa. Shi ne mai gabatarwa a walimar saukar karatu da bikin raba kyaututtuka na makaranta, shi ke shirya wa ɗalibai muhawara. Yana da gona ƙarama da ya gada, ba nisa da burtalin. Fillancinsa bai wuce gaisuwa ba.

Zama na farko: Asabar, ƙarshen Satumba

An kafa rumfa a filin makarantar firamare, aka jera kujerun roba, aka ɗauko janareta da lasifika. Mutum bakwai aka ɗora a babban tebur: wakilin dagaci, wani jami'i daga ƙaramar hukuma, malamin gona, liman, Sarkin Noma, Arɗo, da shugaban matasa. Takardar gayyata ta ce ƙarfe 10 na safe. An fara ƙarfe 11:40, saboda jiran babban baƙo.

Addu'a ta ci minti 10. Gabatar da manyan baƙi, kowa da sarautarsa da kirarinsa, ya ci minti 25. Daga nan duk wanda aka miƙa wa makirufo sai ya sake jero gaisuwar daga farko. Jami'in ƙaramar hukuma ya yi minti 35, mafi yawansu a kan rabon taki da iri. Malam ya rubuta masa 'yar takarda ya miƙa, mutumin ya duba, ya gyaɗa kai, ya sa ta a aljihu ya ci gaba. Malam ya tashi ya tsaya kusa da shi, ba abin da ya sauya. Sarkin Noma ya yi minti 20 yana lissafa ɓarnar shekaru uku, gona bayan gona, manoma suna amsa masa da "ƙwarai kuwa".

Arɗo shi ne na shida. Mutanensa ba su shiga rumfar ba, suna tsugune a gindin wata tsamiya can gefe, sandunansu a kwance a gabansu. Ya miƙe, ya gai da jama'a, ya ce, "Mun ji abin da aka faɗa. Allah ya ba mu zaman lafiya." Ya zauna. Bai cika minti biyu ba. Shugaban matasa na fara magana aka kira azahar, mutane suka watse, ba a karɓi tambaya ko ɗaya ba.

Kwana biyu bayan haka maganar da ta dawo daga ruga ita ce, an kira su ne a karanta musu laifinsu.

Zama na biyu: Lahadi, tsakiyar Oktoba

Malam ya ɗauko tsarin da ya sani daga makaranta. Kowane mai magana minti biyar. Wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe zai riƙe agogo da ƙararrawa. Babu maimaita gaisuwa. Tambayoyi kuma a rubuce za a kawo su, don kada wani ya karɓi makirufo ya ƙi saki. Mutum bakwai ɗin nan dai aka sake gayyata. Ranar ta faɗo kan kasuwar Gujungu, wadda ke ci ran Lahadi, saboda haka dillalan dabbobi da manyan manoma da dama ba su halarta ba.

Na farko da ƙararrawa ta kama shi ne wakilin dagaci, dattijo mai kusan shekara saba'in. Yana tsakiyar jimla yaron ya kaɗa. Dattijon ya yi shiru, ya juya ya dubi yaron, ya ce, "Wannan ɗan gidan wa ne?" Ya ajiye makirufo a kan tebur ya zauna, bai ƙarasa maganarsa ba. Guna-guni ya tashi daga bayan rumfa. Daga nan yaron bai sake taɓa ƙararrawar ba, masu magana kuma suka koma yadda suka saba.

Takardun tambaya 19 aka tara. Kusan duka daga malamai ne da matasa 'yan boko. Biyu da ajami aka rubuta su, Malam ya karanta su da ƙyar. Daga wajen makiyaya babu ko ɗaya, daga mata ma haka, don matan suna can nesa a barandar aji. Malam ya zaɓi shida ya karanta, ya tsallake waɗanda ke da zagi ko sunan mutum. Wani saurayi ya ga an tsallake tasa, ya taso ya ce ana ɓoye gaskiya. Makirufo yana ajiye a kan tebur, sai ya ɗauka, ya kira sunan wata ruga ya ce su ne ɓarayin wake. Samarin Fulani suka ɗauki sandunansu suka fice. Arɗo ya zauna har aka yi addu'ar tashi, amma bai ce uffan ba.

Bayan kwana shida shanu suka shiga gonar wake da dare. Aka yi doke-doke, wani yaro makiyayi ya samu rauni a ka, magana ta kai gaban 'yan sanda kafin dattawa su karɓo ta. Hakimi ya kira shugabannin ƙungiya ya ce ko dai su bar wannan taro, ko su yi shi yadda zai haifar da ɗa mai ido. Wasu suka ce a canza jagora. Malam ya nemi a ba shi mako biyu.

Mako biyu na shiri: ƙarshen Oktoba

A nan ne ya sauya hanya gaba ɗaya. Bai rubuta wa kowa takardar gayyata ba, da ƙafa ya bi su.

Ya fara da Arɗo. Ya je ruga da sassafe ana tatsa, tare da wani mahauci ɗan garin da ke jin Fillanci, wanda kowane ɓangare ya saba da shi. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo nono a ƙwarya. Sai da aka daɗe ana tambayar lafiyar shanu sannan Malam ya ce, "Baba Arɗo, sau biyu na kira ka, sau biyu ka yi shiru. Me ya hana ka magana?" Arɗo ya ce mutum ba ya tashi ya kare kansa bayan an shafe sa'a guda ana jera masa laifi a gaban yara, kuma idan ya yi Hausa a lasifika, abin da ke bakinsa ba shi ke fita ba. Da aka tambaye shi matsalarsu, bai ce burtali gaba ɗaya ba. Wurare uku ya ambata inda hanyar ta tsuke har garke ba ya wucewa sai saniya ta kai baki gona, da mashaya guda da fangalin albasa suka kewaye.

Sarkin Noma a gonarsa aka same shi, shi kaɗai da 'ya'yansa. A nan ma maganar ta fi ta bainar jama'a gajarta. Ya ce su da Fulanin da suka zauna da su shekara da shekaru ba su da wata babbar rigima. Abin da ke ƙona musu rai shi ne kiwon dare, da barin yara ƙanana da garke mai yawa, da baƙin makiyaya masu wucewa waɗanda kafin gari ya waye sun yi nisa, ba wanda za a kama.

Ta hannun matarsa Malam ya samu ganin wata Hajiya da ke shugabantar adashen matan unguwa. Ta gaya masa abin da ba a faɗa ba a zama biyun: gonakin wake da ke bakin burtali da yawansu na matan da mazansu suka rasu ne, don nan ne ake ba su aro, kuma duk ranar da aka yi faɗa, matan ruga ba sa shigowa da nono, masu fura su yi asara, matan ruga su rasa kuɗin cefane.

Ranar wata Laraba ya ɗauki malamin gona da mutum ɗaya daga kowane ɓangare suka bi burtalin da ƙafa, suna auna faɗinsa da taku. Inda yake da faɗi ya kai taku 40. A wuri mafi tsukewa taku 7 ne. Duka huɗun sun ƙirga tare.

Daga ƙarshe ya je fada ta hannun dagaci. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni yaro ne a garin nan. Ba ni da bakin da zan ce wa sa'an mahaifina ya isa haka." Ya roƙi abu uku: hakimi da bakinsa ya faɗi ƙa'idar lokaci, sanƙira ya yi gaisuwar manya sau ɗaya a madadin kowa, sannan hakimi ya bari sai ƙarshe ya yi magana, don in ya fara ba mai iya saɓa masa. Hakimi ya amince, ya ƙara da cewa dogarinsa ne zai riƙa nuna cikar lokaci.

Masu zama a gaba aka rage su zuwa huɗu: Arɗo, Sarkin Noma, malamin gona, da Hajiya. Liman aka bar masa buɗewa da rufewa, sauran ukun kuma Malam ya bi su gida ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri. Batun zaman kuma aka mai da shi tambaya guda, aka sanar da kowa tun kafin ranar: daga yau zuwa ranar da za a kwashe dawa, ta ina shanu za su bi zuwa ruwa, kuma da wane lokaci?

Zama na uku: Talata, farkon Nuwamba

An kauce wa Lahadi saboda Gujungu, Alhamis saboda kasuwar dabbobi ta Maigatari, Juma'a saboda masallaci. An sa shi bayan la'asar, lokacin da manoma sun dawo daga gona, a ƙofar fadar hakimi. Babu tebur. Tabarmi aka shimfiɗa a kewaye, makiyaya a dama, manoma a hagu, mata a bakin zaure inda suke ji kuma ana jin su. An fara ƙarfe 4:15.

Sanƙira ya gama gaisuwa cikin minti uku. Hakimi ya ce, "Kowa minti huɗu. Wanda ya ga dogari ya miƙe, to ni ne na miƙe." Malam ya fara da sanar da jama'a cewa shi ma yana da gona kusa da burtalin, don haka duk wanda ya ga ya karkata ya faɗa a take. Makirufo bai bar hannunsa ba har aka tashi. Shi yake durƙusawa gaban mai magana ya riƙe masa.

Arɗo aka fara ba wa dama, da Fillanci, mahaucin yana fassarawa bayan kowace jimla biyu, aka kuma ninka masa lokaci saboda tafinta. Da ya gama, Malam ya ce, "Baba Arɗo, in na ji ka daidai, kana neman a cire gonakin da ke wuraren nan uku. Haka ne?" Arɗo ya girgiza kai. Ya ce bai ce a cire abincin kowa ba. Abin da yake nema shi ne a fara kwashe waɗannan gonaki kafin sauran, ya samu hanya. Malam ya sake faɗa yadda aka gyara masa, Arɗo ya ce, "Yauwa." An ji motsi a ɓangaren manoma, don abin da suka zo da shirin ƙi ba shi aka nema ba.

Haka ya yi wa kowa: a yi magana, ya maimaita a taƙaice, mai maganar ya tabbatar ko ya gyara, sannan a juya ga ɗaya ɓangaren a kan wannan gaɓar kaɗai. Malamin gona ya faɗi awon da aka yi, taku 40 da taku 7, mutum biyun da aka je da su suka shaida. Sai Malam ya juya ga Sarkin Noma: "Baba, gonakin da ke wurin taku bakwai ɗin nan, shekara goma da suka wuce suna nan?" Wurin ya yi tsit. Sarkin Noma ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Malam bai janye makirufo ba, bai kuma sauya tambayar ba. An kusa rabin minti kafin dattijon ya ce, "Ba sa nan. Ruwa ne ya kawo su." Sannan ya kawo nasa, kiwon dare da yara da baƙi. Dogari ya miƙe masa yana kan maganar baƙi, ya ƙarasa jimlarsa ya yi shiru, ba wanda ya ga an ci masa fuska. Aka tambayi Arɗo a kan kiwon dare kaɗai, ya amsa cewa ana yi, kuma ba daidai ba ne.

Hajiya ta yi magana daga bakin zaure. Ta ce matan da ke da wake a bakin burtali ba su da masu taya su roro, shi ya sa nasu ke kaiwa ƙarshe. Wani daga cikin manoma ya ce a yi musu gayya.

An buɗe wa jama'a minti 20, tambaya da baki, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, ta uku daga zaure. Saurayin nan na zama na biyu ya taso da maganar wakensa na bara. Malam ya matsa kusa da shi, makirufo a ƙasa, ya ce, "Ƙanena, haƙƙinka ne, ba za a bar shi ba. Sakatare ya rubuta, Ranka ya daɗe zai saurare ka a fada ranar Laraba. Yau hanyar ruwa muke nema." Ya sa sakatare ya karanta abin da ya rubuta, saurayin ya ji da kunnensa, ya zauna.

Ƙarfe 5:40 sakatare ya karanta matsaya da Hausa, tafinta ya faɗa da Fillanci. Za a yi gayya a kwashe gonakin wuraren nan uku cikin kwana goma. Babu kiwon dare, kuma kowane garke da babban mutum a tare da shi. Arɗo zai tari baƙin makiyaya ya nuna musu hanya ya kuma sanar da dagaci saukarsu. Manoma ba za su ƙona kara ba. Ranar sakin gonaki hakimi ne zai sanar bayan dagatai sun kawo masa rahoto. Batun mashaya ba a cimma komai ba, kuma haka aka karanta shi. Hakimi ya yi magana minti biyar, liman ya rufe, aka kira magariba.

Abin da ya biyo baya: Nuwamba zuwa damina

An sanar da matsayar a masallatan Juma'a, mai shela ya zaga unguwanni, Arɗo ya aika rugage. Gayyar ta yiwu a wurare biyu cikin lokaci, na ukun ya makara da kwana huɗu. Zuwa ƙarshen Disamba ƙorafi biyu suka kai fada, ɗaya a kan garken baƙi da ya wuce da asuba, duka aka sasanta ba tare da an taɓa jikin kowa ba. A Janairu fangalin albasa suka sake kewaye mashaya. Da damina ta faɗi, mutum ɗaya ya sake shuka a wurin taku bakwai. Ƙungiyar ta rubuta takarda tana neman a kafa turakun siminti a iyakar burtalin, aikin da ya fi ƙarfin gari.

Me ya yi aiki, kuma don me

Malam bai fi iya magana a zama na uku ba fiye da na farko. Abin da ya bambanta shi ne ya shiga zaman ya riga ya san abin da kowa zai nema, ya kuma san cewa buƙatun sun fi yadda ake kururuwarsu ƙanƙanta. Wannan sani a ruga da gona ya samo shi, inda mutum ba ya magana don magoya bayansa su ji.

Ƙa'idar minti biyar ta zama na biyu ba laifi gare ta ba. Laifin yana ga hannun da aka ba ƙararrawa. A garin da yaro ba ya katse dattijo, malamin makaranta ma yaro ne, balle ɗalibinsa, kuma ikon tsayar da magana sai an aro shi daga wanda yake da shi. Tambaya a rubuce kuwa ta tsame mutanen da aka yi taron dominsu, ta kuma jawo wa jagora zargi, tunda shi kaɗai ke ganin abin da ya tsallake. A ganina abin da ya fi kowane nauyi shi ne maimaita maganar mutum har ya ce haka ne. Da Malam bai maimaita ba, da manoma sun tashi da fahimtar cewa Arɗo na son a tashe su daga gonakinsu, fahimtar da shi kansa Malam ya yi da farko.

Aron ikon fada yana da tsadarsa, kuma ban ga dalilin ɓoye ta ba. A ƙofar hakimi babu wanda ya iya tambayar wa ya ba da filayen da ke cikin burtalin tun farko, alhali kowa ya san ba su raba kansu ba. Samarin da ke bin shanu dare da rana, waɗanda su ne ke riƙe da sanda idan an haɗu a gona, ba a ji muryar ko ɗayansu ba, Arɗo ne ya yi alkawari a madadinsu. Masu albasar da suka kewaye mashaya ma ba a zaunar da wakilinsu a gaba ba, shi ya sa da aka zo gaɓarsu babu wanda zai ce na yarda ko ban yarda ba. Ƙungiyar na shirin wani zama kafin noman rani mai zuwa a kan mashayar kaɗai, kuma Malam ya ce ba zai karɓi jagoranci ba sai an sa mai albasa ɗaya da saurayi makiyayi ɗaya cikin masu zama a gaba.